Filin Lafiya: Tambayoyinku a Kan Jiran Dashen Hanta

A 'yan watannin nan wasiƙun da suka fi shigo wa wannan fili daga Gombe da garuruwanta magana ɗaya suke yi: likita ya ce hantar wani namu ta gaza, sai dashe, to yanzu yaya za a yi? Mun zaɓi bakwai daga ciki, likitocinmu masu kula da cututtukan hanta da hanji suka amsa. Mun sakaya sunayen masu tambaya. Sunayen magunguna kuwa mun bar su yadda suke a jikin kwali don a gane su a kantin magani, amma adadin da majinyaci zai sha, likitan da ya duba shi ne yake yankewa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Maigidana shekarunsa 44, yana da ciwon hanta nau'in B. Tun bayan Babbar Sallah cikinsa ya kumbura, idanunsa suka yi ɗorawa. Likita ya ce hantar ta ƙanƙance, makinsa na MELD 21 ne, kuma sai an yi dashe. Mene ne wannan maki? Don Allah ku faɗa mini gaskiya, har tsawon wane lokaci ake iya jira? Kuma a ina ake shiga layi?
Daga wata uwargida, Tudun Wada, Gombe

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Sannu da jinya, Allah ya tashi kafaɗunsa. Tunda gaskiya kika nema, ba za mu rufe ki ba.

Hanta gaɓa ce mai haƙuri. Ƙwayar cutar B kan yi shekara ashirin ko talatin tana cin ta a ɓoye, tabo yana maye gurbin nama mai rai, har ta motse ta yi tauri. Wannan shi ne likitoci ke kira sirosis, kuma hawa biyu gare shi. A hawa na farko hantar tana lallaɓa aikinta, mutum yana zuwa kasuwa da gona bai san komai ba, kuma rabin masu wannan mataki sukan wuce shekara 12. Hawa na biyu yana farawa ne ranar da ɗaya daga cikin abubuwa huɗu ya bayyana: ruwa a ciki, aman jini, ruɗewa, ko ciwon shawara. Daga nan, idan ba a yi dashe ba kuma ba a magance tushen cutar ba, matsakaicin abin da ake gani shekara biyu ne. Maigidanki yana hawa na biyu.

MELD lissafi ne da ake yi daga gwajin jini: bilirubin, wato abin da ke rina ido ya zama ɗorawa, INR, wanda ke nuna saurin daskarewar jini, da kiriyatinin, wanda ke nuna aikin ƙoda. Amurka ta fara raba hantar dashe da wannan maki a 2002, aka ƙara sodiyam, wato sinadarin gishiri da ke cikin jini, a lissafin a 2016. Makin yana farawa daga 6 ya tsaya a 40. Wani bincike da aka wallafa a 2003 a kan mutum fiye da 3,000 masu jiran dashe ya nuna yawan waɗanda suka rasu cikin wata uku: masu maki ƙasa da 10, kusan 2 cikin 100, masu 10 zuwa 19, mutum 6, masu 20 zuwa 29, kusan 20, masu 30 zuwa 39, sama da rabi, masu 40 kuwa, wajen 71. Ke nan a cikin mutum biyar masu maki irin na maigidanki, huɗu sukan wuce wata ukun. Wa'adi na Allah ne, amfanin wannan lissafi shi ne ya nuna wa iyali irin saurin da ya kamata su yi. Daga maki 15 zuwa sama, haɗarin zama da tsohuwar hanta ya fi haɗarin tiyatar dashe.

Batun layi, a nan ne mutane da yawa ke yin kuskure mai tsada. A Amurka yawancin hantar dashe daga mamata ake samu, don haka akwai jeri, wanda makinsa ya fi yawa shi ake kira. Mu nan ba mu da wannan tsari. Dashen ƙoda ana yin sa a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano tun 2002, amma masu neman dashen hanta yawanci Indiya ko Masar ko Turkiyya suke tafiya, kuma baƙo shi yake zuwa da ɗan'uwan da zai ba shi ɓangaren hanta. Babu wanda zai bugo muku waya ya ce layi ya zo. Jiranku shi ne kwanakin da za ku ɗauka wajen samun mai bayarwa, haɗa kuɗi da neman biza.

Sai kuma labari mai daɗi, wanda muke so ki riƙe da kyau. Makin nan yana sauka. Mai cutar B da hantarsa ta gaza dole ne a ɗora shi a kan tenofovir, miligiram 300 sau ɗaya a rana, ko entecavir, ba tare da jiran komai ba illa gwajin ƙanjamau da na ƙoda, domin tenofovir shi kaɗai yana ɓata maganin ƙanjamau na gaba ga wanda ke ɗauke da ita bai sani ba. A wani bincike na Koriya ta Kudu a 2015, kusan ɗaya cikin uku na masu jiran dashe da aka ba irin waɗannan magunguna sun samu sauƙin da aka cire su daga jerin cikin shekara guda. Sai dai sauƙin kan ɗauki wata uku zuwa shida kafin ya bayyana, kuma ba kowa ke samun sa ba. Saboda haka ku kama hanya biyu lokaci guda: yana shan magani, kuna shirin dashe. Kada a tsallake ko kwana ɗaya, kada kuma a daina don an ga ido ya washe, domin dainawa tana sa ƙwayar cutar ta yi tashin da zai iya ƙarasa hantar cikin makonni. A maki 21, a sake gwajin MELD duk wata. In ya kai 25, duk mako.

TAMBAYA: Mahaifinmu ana zuƙe masa ruwan ciki a asibiti, amma kafin mako uku ya sake cika. Mun daina sa gishiri a miya gaba ɗaya. Wasu dattawa sun ce zuƙewar ce ke ƙara jawo ruwan, gara a kai shi a yi masa sakiya.
Daga wani ɗan kasuwa, Kumo

AMSA: Malam, mu fara da sakiya: kada ku yarda, ko wa ya kawo shawarar. Jinin Baba ba ya daskarewa da wuri, ruwan cikin nan kuma da zarar ƙwayar cuta ta samu ƙofa ta shiga, yaɗuwa take yi cikin sa'o'i. Haka ƙaho da tsaga. Zuƙewar asibiti ba ta jawo ruwa. Abin da ke tara shi shi ne jinin da ke tasowa daga hanji ya tarar da hanta ta yi tauri ya kasa wucewa, sai ruwa ya riƙa tsattsafowa cikin ciki, ita kuma ƙoda ta riƙe gishiri ta ƙi saki. Duk inda gishiri ya zauna, ruwa zai bi shi.

Kun cire gishiri daga miya, madalla, amma mu bi tukunyar a hankali. Abin da aka yarda masa a yini guda, duka abincinsa a haɗe, shi ne gishiri giram 5, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya a shafe. Dunƙulen ɗanɗano kusan rabin nauyinsa ko fiye gishiri ne, biyu ko uku a tukunya sun cinye kason. Kanwa ma sodiyam ce, don haka kunun kanwa, ɗanwake, miyar kuka ko kuɓewa da aka jefa wa kanwa, da masar da aka tasa da kanwa ko hodar burodi duk suna cikin lissafi. Ga yajin tsire, kilishi, ƙuli-ƙuli mai gishiri, kifin gwangwani, burodi da garin ɗanɗanon taliyar leda. Akwai kuma Andrews Liver Salt, wanda wasu ke saya saboda sunan hanta da ke jikinsa, alhali maganin ɓacin ciki ne mai ɗauke da sodiyam. A ware wa Baba 'yar tukunyarsa, a ɗaga ɗanɗano da albasa, tafarnuwa, citta, masoro, tumatir da lemon tsami. A auna cokalin gishirin nan da safe a raba shi cikin abincin yini, domin in abinci ya zama lami ya ƙi ci, ramar da za ta biyo baya ta fi kumburin haɗari. Ruwan sha ba a hana shi sai in sodiyam na jini ya sauka ƙasa da 125.

Magungunan sa fitsari ana fara su ne da spironolactone miligiram 100 da furosemide 40 da safe, likita ya riƙa ƙarawa a hankali, iyakarsu 400 da 160. Ku sayi ma'aunin nauyi, ku auna shi kowace safiya bayan fitsari, ku rubuta a littafi. Ragin da ake so rabin kilo ne a rana, ko kilo ɗaya in ƙafafu ma sun kumbura. Abin da ya wuce haka daga jijiyoyin jini ake jan sa, ƙoda ce za ta biya. A zafin Maris da Afrilu, ko in ya yi gudawa ko amai, a dakatar da maganin a tuntuɓi likita a ranar.

In za a zuƙe fiye da lita 5 a zama ɗaya, ana ƙara masa albumin, wato wani sinadarin jini da ke riƙe ruwa a cikin jijiyoyi, ta jijiya, giram 6 zuwa 8 a kan kowace lita. Lita 8 ke nan tana neman wajen kwalba uku masu giram 20. Yana da tsada, mun sani. In babu hali, gara a zuƙe ƙasa da lita 5 a dawo da wuri da a kwashe duka ba albumin, don hakan yana faɗar da jini ya taɓa ƙoda. Kuma duk zuƙewa ku roƙa a kai ruwan ɗakin gwaji. In fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta sun kai 250 a ƙidaya, ruwan ya kamu, sai allurar ceftriaxone ko makamanciyarta tare da albumin. Wanda ya taɓa kamuwa, wajen 70 cikin 100 sukan sake cikin shekara in ba a ɗora su a kan maganin kariya ba. Zazzaɓi ko ciwon ciki ga Baba, kada a ce maleriya ce a tsaya a kemis, a tafi asibiti a ranar. In ba a taɓa bincikar tarin fuka a ruwan ba, a yi, domin a ƙasarmu tarin fuka na ciki yana kawo irin wannan kumburi, kuma yana warkewa.

In an tsare gishiri da gaske, an kai ƙarshen magani, ruwan bai daina dawowa ba, to alama ce mai nauyi. Kusan rabin masu wannan hali ba sa wuce wata shida zuwa shekara. Wannan kaɗai ya isa dalilin fara maganar dashe, ko da makin MELD bai yi sama ba.

TAMBAYA: Yayana manomin rani ne a Dadin Kowa. Ya yi aman jini wajen cikin kwano, aka ƙara masa jini leda biyu aka sallame shi. Yanzu ya warware. Akwai sauran abin yi?
Daga wani ɗalibi, Deba

AMSA: Akwai, ɗan'uwa, kuma da gaggawa. Jinin da ya kasa ratsa hanta yakan nemi ɓarauniyar hanya ta ƙananan jijiyoyin da ke ƙasan maƙoshi, su kumbura su yi sirara, wata rana ɗaya ta fashe. Cikin masu sirosis da suka yi irin wannan aman jini, 15 zuwa 20 cikin 100 sukan rasu a makonni shida na farko, kuma in ba a yi rigakafi ba wajen 60 cikin 100 sukan sake zubarwa cikin shekara ɗaya zuwa biyu. Ƙarin jini ya cike abin da ya zube ne kawai, jijiyar tana nan.

Ku karɓi takardar turawa zuwa sashen cututtukan ciki na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, ko na Abubakar Tafawa Balewa da ke Bauchi. Abin da ake buƙata shi ne a zura siririn bututu mai kyamara ta baki a ga jijiyoyin, a ɗaure su da 'yan robobi, a maimaita duk mako biyu zuwa huɗu har su ɓace. Tare da haka a ba shi propranolol ko carvedilol kullum. Da propranolol ana so bugun zuciya ya sauka zuwa 55 ko 60 a minti, ba tare da lambar sama ta awon hawan jini ta yi ƙasa da 90 ba. Baƙin bayan gida mai kama da kwalta, mai ɗoyi, shi ma zubar jini ne ko ba amai. In ya sake faruwa, kada ku matsa wa likita ya cika shi da jini. Ana tsayawa ne in awon himoglobin, wato gwajin ƙarfin jini, ya kai 7 zuwa 8, domin wuce haka yana ƙara matsi a jijiyar ta sake ɓallewa.

Magungunan ciwon jiki irin su diclofenac, ibuprofen, piroxicam da aspirin, da haɗe-haɗen da ake ƙulla wa manoma a leda bayan aiki, ya yi bankwana da su. Suna jawo zubar jini, suna kashe ƙodar mai ciwon hanta. Farasitamol ne ya fi aminci, in bai wuce giram 2 a yini ba, wato ƙwaya huɗu masu miligiram 500.

Sana'arsa ta ja hankalinmu. Mai yini cikin ruwan madatsa yana iya kamuwa da tsargiyar hanji, wadda ƙwayayenta ke toshe hanyoyin jini a hanta su kumbura saifa su kawo aman jini, alhali naman hantar yana aiki lafiya. Ku nemi a bincika wannan tare da ciwon hanta nau'in B da C. In ita ce kaɗai, ana ba da praziquantel, a ci gaba da ɗaurin jijiya, kuma yawanci ba a kaiwa ga dashe.

TAMBAYA: Mahaifiyarmu tana jiran tafiya dashe. Kwanan nan barci take yi da rana, da dare ido biyu, wani lokaci ta riƙa sambatu ba ta gane mu. 'Yan'uwa sun ce iska ce. Mun hana ta nama da ƙwai tun da aka ce hanta ce.
Daga wata malamar makaranta, Dukku

AMSA: Malama, Allah ya ba Inna lafiya. Wannan ruɗewar hanta ce. Hanji yana samar da guba irin su amoniya, hanta mai lafiya tana tace su, wadda ta gaza kuwa sai ta bar su su haura ƙwaƙwalwa. Juyewar barci ita ce alamar farko. Ki sa ta miƙa hannuwa gaba ta ɗaga tafuka kamar mai tsayar da mota, in kika ga suna faɗuwa suna tashi kamar fiffike, ita ce. A ci gaba da addu'a, amma kada a ɗura mata jiƙo ko rubutu tana cikin magagi, zai iya sarƙe ta ya shiga huhu.

Ruɗewar ba ta cika zuwa haka kawai ba. A nemi abin da ya tayar da ita: rashin bayan gida, ƙwayar cuta a ruwan ciki ko fitsari, zubar jini a hanji, yawan maganin sa fitsari, ko maganin barci da su tramadol da maganin tari mai kodin. Maganinta lactulose ne, mililita 15 zuwa 30 sau biyu ko uku a rana, ana daidaita shi har ta riƙa yin bayan gida mai laushi sau biyu zuwa uku. In bai kai biyu ba a ƙara, in ya zama gudawa a rage. Kuskuren da aka fi yi shi ne a daina shi don ta dawo hayyacinta. In tana dawowa duk da haka, likita kan ƙara rifaximin. In ta kai ba ta tashi in an tashe ta, asibiti nan take, a kwance ta gefe.

Hana nama tsohuwar koyarwa ce da likitoci suka bari, domin an gano tana cutarwa. Tsokar jiki tana taya hanta ƙone amoniya, kuma wanda ya je dashe a rame ya fi daɗewa a ɗakin kulawa ta musamman, wani ma a ce ba zai jure tiyatar ba. Inna tana buƙatar furotin, wato sinadarin gina jiki, giram 1.2 zuwa 1.5 a kan kowane kilo na nauyinta ba tare da ruwan ciki ba. Mai kilo 60 ke nan giram 72 zuwa 90 a rana. Ƙwai ɗaya yana da wajen 6, kofin dafaffen wake wajen 15, kofin kindirmo wajen 8, naman kaza ko kifi mai girman tafin hannu 20 zuwa 25. Alale, awara da fura da nonon da aka dafa duk suna da kyau. A ba ta kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida, kuma lallai ta ci wani abu dab da kwanciya, domin hantar da ta gaza ba ta ajiye abincin da zai kai mutum asuba, sai jiki ya koma cin tsokarsa. Gyaɗa da masara a zaɓe, a zubar da masu fumfuna ko ɗaci, gubarsu tana haifar da sankarar hanta.

TAMBAYA: Mai irin wannan ciwo zai iya azumin Ramadan?
Daga wani magidanci, Bajoga

AMSA: Malam, wanda ya taɓa tara ruwa a ciki, ko aman jini, ko ruɗewa, ko yake da shawara, shawararmu kada ya yi. Yini ba ruwa tare da maganin sa fitsari yana taɓa ƙoda, yunwa mai tsawo kuma tana cin tsoka ta faɗar da sukarin jini. Addini ya yi wa mara lafiya rangwame, sai a tambayi malamai hukuncin ramuwa ko ciyarwa. Mai ɗauke da cutar B wanda hantarsa ba ta gaza ba yakan iya, bayan ya ga likitansa, ya mayar da shan maganinsa lokacin buɗa baki ko sahur.

TAMBAYA: Ina so in ba yayana ɓangaren hantata. Shekaruna 29, ina da mata da 'ya'ya biyu. Mene ne haɗarin a kaina, kuma ya halatta?
Daga wani matashi, Fantami, Gombe

AMSA: Allah ya saka maka da alheri, ɗan'uwa. Kafin maganar fasfo, yi gwaji biyu a nan gida, masu sauƙin kuɗi: rukunin jini, da gwajin cutar B da C da ƙanjamau. Rukunin ya dace kamar na ƙarin jini, mai O yana ba kowa. Gwajin B shi ne inda iyalai da yawa ke cin karo. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan 8 cikin 100 na manyan 'yan Nijeriya suna ɗauke da ita, kuma yawanci a ƙuruciya ake ɗauka, daga uwa ko tsakanin yaran gida ɗaya ko ta askar da aka yi tarayya a kanta. Don haka in yayanka yana da ita, ba mamaki wasu 'yan ɗakinku ma suna da ita. Mai ɗauke da ita ba ya bayarwa. A gwada kowa a gidan, har matan aure da yara. Wanda ba shi da ita a yi masa rigakafi allura uku: yau, bayan wata ɗaya, bayan wata shida. Jariri kuma a yi masa ta farko cikin awa 24 da haihuwa.

In ka tsallake wannan, can asibitin dashe za su ɗauki hoton hantarka su auna girmanta da tsarin jijiyoyinta da yawan kitsenta. Ga babban mutum yawanci ɓangaren dama ake ɗauka, wajen kashi 60 cikin 100 na hantar. Sharaɗi biyu ne dole su haɗu: abin da zai rage maka kada ya gaza kashi 30, abin da za a ba shi kuma kada ya gaza kashi 0.8 cikin 100 na nauyin jikinsa, wato mai kilo 70 yana neman aƙalla giram 560. Ƙiba, ciwon suga ko kitse a hanta sukan hana. Shi ya sa muke ce wa iyalai su shirya mutum biyu ko uku, kada a isa can a ce ɗaya tilo bai dace ba, ga kuɗin masauki yana tafiya, ga majinyaci yana ƙara rauni.

Haɗarin gaskiya ne. A cikin masu bayarwa 1,000, biyu zuwa biyar sukan rasu. Kusan ɗaya cikin uku ko huɗu yakan samu wata matsala, yawanci mai sauƙi, kamar ruɓar rauni ko yoyon ruwan maɗaciya, kaɗan kuma sai an sake shiga tiyata. Kwanciyar asibiti mako ɗaya ce zuwa kwana goma, aikin ƙarfi sai bayan wata biyu zuwa uku. Hantar tana sake tsirowa, mafi yawan girmanta yana dawowa cikin wata biyu. Ka zauna da matarka ka faɗa mata waɗannan alƙaluma kamar yadda muka faɗa maka. Kana da damar fasawa har ranar tiyata, kuma bai dace dangi su matsa wa kowa ba.

Halacci kuwa, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi a zamanta na Jidda a 1988 ta halatta mai rai ya ba da ɓangaren gaɓar da ke sake tsirowa, da yardarsa, in ba zai halaka shi ba, ta kuma hana sayarwa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ma ta haramta cinikin gaɓoɓi a Nijeriya. Indiya tana da dokarta tun 1994, kuma baƙi sai sun gabatar wa kwamitin tantancewa shaidar dangantaka da takarda daga ofishin jakadancin ƙasarsu.

TAMBAYA: Hoton ciki ya nuna ƙari mai santimita 7 a hantar kawunmu. Wani dillalin asibitocin waje ya ce mu biya kafin alƙalami, in an je za a yi dashe. Muna shirin sayar da gona.
Daga wani manomi, Kaltungo

AMSA: Malam, ku dakata da sayar da gonar tukuna. Ba kowane mai sankarar hanta ake yi wa dashe ba. Ma'aunin da aka fi bi tun 1996, wanda ake kira ma'aunin Milan, shi ne ƙari ɗaya da bai wuce santimita 5 ba, ko ƙari har uku da kowanne bai wuce santimita 3 ba, kuma bai shiga jijiyar jini ba, bai fita wajen hanta ba. Wanda ya wuce haka sankarar kan dawo a sabuwar hantar, domin magungunan da ake sha bayan dashe suna danne garkuwar jiki. Wasu cibiyoyi suna ɗan faɗaɗa ma'aunin, ko su fara rage ƙarin ta hanyar toshe jijiyar da ke ciyar da shi su sake aunawa bayan watanni, amma wannan hukunci ne na likitocin dashe bayan sun ga hotuna da idonsu.

Abin yi shi ne a ɗauki hoton CT ko MRI na hanta mai allurar rini, da CT na ƙirji, da gwajin jini na AFP, mai nuna alamar sankarar hanta. Likitan Kawu ya aika hotunan kansu, ba takardar sakamako kaɗai ba, kai tsaye zuwa sashen dashe na asibitin. Ku nemi amsa a rubuce da sa hannun likitan tiyata, mai faɗin ko ya cancanta, da kuɗin aikin da abin da kuɗin bai ƙunsa ba. Kuɗi kuma asusun asibiti ake biya. In amsar ta zo cewa dashe ba zai yiwu ba, akwai sauran kulawa: maganin rage zafi har da morfin a ƙarƙashin likita, zuƙe ruwa don ya samu numfashi, da magungunan rage gudun cutar ga wanda hantarsa ke da sauran ƙarfi. Ga sauran masu sirosis da masu cutar B na gidanku, hoton ciki duk wata shida shi ne ke kama ƙari tun yana santimita 2, lokacin da ake iya yanke shi ko ƙone shi.

In kuma an ce ya cancanta, ku sa kuɗin bayan dashe cikin lissafi tun yanzu. A manyan cibiyoyi wajen 90 cikin 100 suna raye bayan shekara ɗaya, wajen 75 bayan shekara biyar, amma waɗannan mutane ne da ba su yanke magani ba. Za a zauna kusa da asibitin wata biyu zuwa uku. Tacrolimus, maganin da ke hana jiki ƙin sabuwar hanta, ana shan sa ne duk awa 12 har ƙarshen rai, ana auna yawansa a jini kafin shan na safe, da farko duk mako, daga baya a tazarta. Ku gano tun kafin tafiya wane ɗakin gwaji ne zai riƙa yi muku wannan awo, da inda za ku riƙa samun maganin na gaske, ku dawo da na wata uku aƙalla a hannu. Mai cutar B zai ci gaba da tenofovir ko entecavir don kada ta kama sabuwar hantar. In tarin fuka ya taso bayan dashe, a sanar da likitan dashe kafin a fara maganin tarin mai suna rifampicin, domin yana zubar da tacrolimus daga jini har jiki ya juya wa sabuwar hantar baya.